Amfilifaya Ta Koma Cikin Jaka: Yadda Ake Sabawa Da 'Yar Kwaikwayo A Filin Wasa

A makon nan fili na masu jita ne. Mun san ba su da yawa a ƙasar Gumel, domin a nan fiyano da DJ ne suke cin kasuwar biki. Amma suna nan, kuma suna ƙaruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu tura waƙoƙi a waya ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ya san kiɗan jitar Buzaye da yake tsallako iyaka daga Nijar, ya kuma san yadda yake shiga ran yaro har ya fara ɓoye kuɗin tararsa don ya mallaki tasa.

Kukan da muke ji daga ƙungiyoyin ɗalibai a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar kusan iri ɗaya ne. An yi karo-karo an samo 'yar na'urar nan da ake jona wa jita, a ajiye ta a ƙasa ana takawa. A ɗaki, da iyafis a kunne, sautinta kamar na faifai. Ranar walimar yaye ɗalibai kuwa, da aka jona ta da lasifikar haya, sai ta koma kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Makaɗi ba ya jin kansa, mawaƙi yana hararar sa, iyaye suna toshe kunne. Daga nan sai a ce jabu aka sayar musu. Mu da muke ɗan taɓa jita a jami'a mun daɗe muna aiki da irin wannan na'ura, kuma yawancin lokaci lafiyarta ƙalau. Kiɗa ne ya canza, don haka rawa ma dole ta canza.

Mece ce 'yar kwaikwayo?

Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da wata murya. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai 'yar wuta kaɗan ta taso a cikin wayar. Wannan shi ne abin da Michael Faraday ya gano a 1831, wanda 'yan ajin kimiyya suke karantawa a Fiziks. Wutar ba ta isa ta motsa lasifika ba, sai an ƙara mata ƙarfi. Aikin amfilifaya ke nan.

Tsofaffin amfilifaya na kamfanonin Fender da Marshall da Vox suna aiki da wasu kwalaben gilashi masu ɗaukar zafi, irin na rediyon da, waɗanda ake kira bawul. In aka matsa wa bawul sai ya ƙara wa sautin wani ɗan kaushi mai daɗin ji. Ita ma lasifikar da ke cikin akwatin tana da nata hali, haka katakon akwatin, haka makirfon da aka kafa a gabansa. Abin da muke ji a faifai duk waɗannan ne a haɗe.

'Yar kwaikwayo ƙaramar kwamfuta ce. Tana auna wutar da ta fito daga jita sau 44,100 ko 48,000 a kowane sakan, ta mayar da ita lambobi, ta yi lissafin abin da bawul da lasifika da makirfo za su yi wa wannan wutar, sannan ta mayar da amsar ta zama sauti. Kamfanin Line 6 na Amurka ne ya sa ta yi suna da wata ja mai siffar ƙwayar wake da ya fitar a 1998, mai suna POD. Axe-Fx ta biyo baya a 2006, Kemper ta Jamus a 2011, Helix a 2015. Manyan mawaƙa ma sun karɓe ta. A watan Disamba na 2013 ƙungiyar Metallica ta yi wasa a nahiyar ƙanƙara ta Antatika, inda dokar kare muhalli ta hana tayar da ƙara. Ba su kunna manyan lasifikoki ba, 'yan kallo da abin sauraro a kunne suka ji kiɗan.

Waɗancan na masu hannu da shuni ne. Waɗanda suke isowa hannun ɗalibi su ne ƙananan, irin su Zoom G1 Four da Boss GT-1, sababbi ko na hannu, daga shagunan kayan sauti na Sabon Gari a Kano. Dukansu biyu suna aiki da batir huɗu irin na tocila 'yar ƙarama.

Abin da ya sa ta dace da mu

Amfilifayar Fender Twin Reverb ta kusa kilo 30. Ku ƙiyasta ɗora ta a bayan babur daga Gumel zuwa wani ƙauye a Sule Tankarkar, a hanyar yashi, da gilasai a cikinta. In bawul ɗaya ya fashe, a ina za a samo wani? Ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara da yake haura digiri 40, ga wutar da ba ta da tabbas. 'Yar kwaikwayo ba ta kai kilo 2 ba, tana shiga jakar makaranta, kuma ana iya atisaye da ita da dare ba tare da an tashi maƙwabta ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan babban sauƙi ne. Sai dai tana zuwa da wasu sharuɗɗa da mai shago ba zai tsaya ya yi muku bayaninsu ba.

Sauti ya tashi daga bayanku

Mai amfilifaya ya saba da akwatinsa yana bayansa, sauti yana dukan ƙafafunsa da bayansa. 'Yar kwaikwayo ba ta da lasifika. Sautinta yana tafiya ta waya zuwa miksa, daga nan zuwa manyan lasifikokin da suke gabanku, sun ba ku baya suna kallon jama'a. Abin da yake iso kunnen makaɗi shi ne gurnanin bayan akwati, da kuma sautin da ya je ya daki bango ya dawo.

Mu yi lissafi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan, ya ɗan fi haka in ana zafi. In bangon ajin da ke fuskantarku yana nesa da mita 17, zuwa da dawowa mita 34 ke nan, wato kashi 1 cikin 10 na sakan. Ga mai kaɗa gwauron kiɗa mai sauri wannan jinkiri ya isa ya rikita hannu. Makaɗi sai ya fara bin sautin da ya dawo, ya ja baya, mai ganga ya bar shi. Mutane da yawa suna ɗora wa na'urar laifin wannan nawa, alhali nata jinkirin bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 1,000 na sakan ba, daidai da ka ja da baya taku ɗaya daga lasifika.

Maganin shi ne a samu ƙaramar lasifika guda a ajiye a ƙasa tana kallon makaɗa. Ku roƙi mai kayan sauti ya zo da ita tun lokacin da ake ciniki, kada ku bari sai ranar wasa. In babu, ku tsaya a gefe, ɗan gaba kaɗan, inda za ku ji ɗaya daga cikin manyan kai tsaye. Wasu na'urorin suna ba da damar sa iyafis yayin da sauti yake fita. In za ku yi haka ku sa a kunne biyu a ƙasa-ƙasa. Mai sa guda ɗaya yakan yi ta ƙara murya don ta rinjayi hayaniyar ɗaya kunnen, har ya ji wa kansa.

Sannan a san wani abu. Abin da na'urar take kwaikwaya shi ne amfilifaya kamar yadda makirfo ya ɗauke ta, wato sautin faifai. Ba za ku ji iska tana bugun wandonku ba. Kwana biyu na farko hannu zai ji kamar an rage masa wani abu. Jama'ar da ke gaba kuwa abin da suke ji ya fi tsabta. Ku sa ɗayanku ya kaɗa, sauran ku je tsakiyar fili ku saurara. Gani ya kori ji, amma a nan ji ne zai kori zato.

Daɗin ɗaki daban, na fili daban

A 1933 wasu masana biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda kunnen mutum yake jin sauti. Sun gano cewa in murya tana ƙasa, kunne ba ya kama kauri sosai da siriri sosai, tsakiya ya fi ji. In aka ɗaga murya sai kauri da siriri su fito fili. Wannan ne sirrin abin da yake faruwa ranar walima. Yaro ya zauna da dare da iyafis, ya ƙara bes, ya ƙara kaifi, ya rage tsakiya, har ya ji daɗi. Da aka ɗaga wannan saitin a manyan lasifikoki sai bes ya zama gurnani, kaifi ya zama allura, jita kuma ta nutse a ƙarƙashin ganga da fiyano.

Saboda haka saitin wasa a ƙarfin murya irin na wasa ake yin sa, tare da sauran makaɗa. Ga inda muke farawa. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza sau 82 a sakan, wato 82 Hz. Duk abin da ke ƙasa da 80 ba na jita ba ne, a yanke shi. Lasifikar amfilifayar jita ta gaske ba ta fitar da abin kirki sama da 5,000 ko 6,000 Hz, amma lasifikar biki tana da ƙaramin bakin da yake kai wa kusan 20,000. Don haka a yanke sama daga wajen 6,000 ko 7,000. A ɗaga tsakiya. Maɓallin da aka rubuta wa Gain, wanda yake ƙara kaushi, a rage shi ƙasa da inda ya yi daɗi a ɗaki, domin yawansa yana cakuɗa sautuka ya kuma jawo ƙugi.

A cikin na'urar akwai sashen da yake kwaikwayon akwatin lasifika. In za a jona ta da miksa, dole wannan sashe ya kasance a kunne. Kashe shi ne yake haifar da ƙarar kwanon rufin nan. In kuwa amfilifayar jita ta gaske aka samu aro za a jona, sai a kashe shi, don kada a tace sauti sau biyu ya fito kamar daga cikin tulu. In lasifikar mai bakin ƙaho ce, irin ta masu tallan magani a kasuwa, a ƙara rage kaifi da kaushi, domin ita dama ba ta ɗaukar kauri.

Sai eko. Zauren makaranta mai rufin kwano da bangon siminti yana da nasa amsa-kuwwa har ya yi yawa, don haka a kashe na na'ura ko a bar ɗan kaɗan. A buɗaɗɗen fili mai yashi, inda ba abin da zai dawo da sauti, ana iya ƙarawa.

Na'urar tana zuwa da ajiyayyun saituka masu yawa. Na talla ne, an yi su don su burge mai saye. Ku gina naku guda uku: mai tsabta don rakiyar waƙa, mai ɗan kaushi, da na lokacin da jita za ta yi magana ita kaɗai. Ku jera su kusa da juna, ku daidaita ƙarfinsu, na ukun ya ɗara kaɗan. Ku rubuta lambobin kowanne a bayan littafi, saboda ranar da wani ƙani zai yi wasa da maɓallai.

Mai lasifika abokin aiki ne

Da can makaɗi yana da maɓallin ƙara murya a bayansa. Yanzu muryarsa tana hannun mai miksa. Yawancin masu kayan haya a garuruwanmu sun ƙware ne a makirfo da fiyano da kiɗan waya, wasu ba su taɓa jona jita ba. Ku je da wuri, ku gaishe shi, ku taya shi sauke kaya. Babba ne a sana'arsa, a yi masa magana da ladabi: "Yallaɓai, don Allah a bar mana layin nan ba ƙari ba ragi, mun riga mun saita daga nan."

A jona ta ramin da ake sa fiyano, da waya guda daga ramin na'urar da aka rubuta wa Mono, tun da yawancin kayan haya ba sa raba dama da hagu. A kaɗa da ƙarfi a duba 'yar fitilar miksa. In ta yi ja, a rage daga na'ura. Bawul in ya ƙoshi yakan yi kaushi mai daɗi, amma kayan lamba in suka ƙoshi tsagewa suke yi. Bayan an daidaita, makaɗi ya cire hannunsa daga babban maɓalli. Gasar ƙara murya tsakanin mai jita da mai fiyano ita take kashe wasa, kuma mawaƙi ne yake biyan kuɗinta da maƙogwaronsa.

Maganar wuta, maganar rai

Nan ne muke so ku nutsu. Kusan duk wasan da za ku yi da janareta za a yi shi. Wutar ƙaramin janareta tana hawa tana sauka, musamman lokacin tayarwa da lokacin da mai ya kusa ƙarewa. A bar shi ya daidaita kafin a jona komai. A fara kunna 'yar kwaikwayo, sai miksa, sai manyan lasifikoki a ƙarshe. Wajen kashewa a fara da lasifikoki. In wuta ta ɗauke ko na ƙiftawar ido ne, na'urar za ta mutu ta ɗauki wasu sakanni kafin ta farfaɗo, kamar waya. Shi ya sa muka fi son batir ko fawa-bank a filin wasa, in na'urar tana karɓa.

A kula da adafta. Yawancin ƙananan nan volt 9 suke ci, kuma tsarin filoginsu akasin na yawancin adaftocin gida ne. Ta dikoda mai volt 12 tana iya shiga ramin daidai, ta kuma ƙone na'urar nan take. A yi amfani da wadda aka rubuta a jikinta kawai.

In kuka ji wani gunji mara yankewa daga lasifika, yawanci wutar gida ce mai juyawa sau 50 a sakan take kutsowa. A jona duk kayan sauti a tushe ɗaya, a nisanta wayar jita da wayar wuta. Akwai ɗan akwati da ake kira DI wanda yake maganin wannan. Abin da ba a yi, ko da wasa, shi ne karya dogon ƙarfen nan na uku da ke jikin filogi don gunji ya tafi. Shi ne hanyar da wuta take bi ta shige ƙasa in wani abu ya lalace.

Ga dalili. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin duk abin da aka jona ta da shi. In kayan makirfo suna da matsala wuta ta hau jikinsu, makaɗi yana riƙe da tsirkiya ya kai leɓe ko hannu ga makirfo, to jikinsa ya zama gada. Haka Leslie Harvey, mai jitar wata ƙungiya ta Birtaniya mai suna Stone the Crows, ya rasa ransa a kan dandamali a garin Swansea a 1972, a gaban 'yan kallo. Aiki da batir ba ya kawar da wannan haɗari gaba ɗaya, domin wayar da ta tafi miksa ta riga ta haɗa ku da sauran kayan. Kafin wasa a sa mai gyaran wuta ya duba haɗin, a taɓa abin gwajin wuta a jikin makirfo da tsirkiya. A sa takalmi mai roba. Da damina kada a tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, in hadari ya taso a kashe komai. Wanda ya ji ko ɗan tsikari a leɓe ya tsaya nan take, ko da shugaban makaranta ne yake jiran waƙar. Rigakafi ya fi magani.

Rana da ƙura ma abokan gaba ne. Fuskar na'urar ba ta karantuwa a tsakar rana, kuma zafi yana gajiyar da ita. A ajiye ta a inuwa a kan katako ko tabarma. In an gama a goge ta a mayar jaka, don yashi kada ya shiga maɓallan takawa.

Kunnen da za ku tsufa da shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A 2022 ta fitar da ƙa'idar wuraren wasa, inda ta ce kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100. Mai 'yar kwaikwayo yana da haɗari biyu: awannin atisaye da iyafis, da tsayuwa kusa da manyan lasifikoki. In kun tashi daga wasa kunne yana muku ƙara kamar kukan gyare, gargaɗi ne. Ƙananan gaɓoɓin ji da ke can cikin kunne in suka mutu ba sa sake tsirowa. A rage murya, a riƙa hutawa, a nemi abin toshe kunne.

Muryar wa za ta fito?

In kuka duba jerin sautukan da ke cikin na'urar, amfilifayoyin Amurka da Ingila za ku gani. Babu gurmi, babu kuntigi, babu garaya. Yaron da bai yi hankali ba sai ya shekara yana kwaikwayon abin da na'ura take kwaikwaya.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, kuma bayan fim ɗin Sangaya na 1999 kiɗan fiyano ya mamaye ko'ina. Ya buɗe wa dubban matasa hanyar abinci, ya kuma rage wa masu kalangu da kukuma kasuwar biki. Har yau ana muhawara a kan ribar da asarar. Tun kafin nan, a Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kiɗan ogan na lantarki a 1978, ya zuba masa karin waƙoƙin gida.

Misalin da ya fi kusa da mai jita shi ne Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗawa da hagu. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar nan ta waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Nijar da Mali kafin Turawa su ji su. Yau yana zagaya duniya, kuma kundinsa Afrique Victime na 2021 wani kamfanin Amurka ne ya fitar da shi. Haka Bombino na Agadas, wanda aka sa kundinsa Deran na 2018 cikin masu takarar kyautar Grammy. Kayan aikinsu na waje ne, amma duk wanda ya ji sakan biyar ya san daga ina kiɗan ya fito.

Mu a Jigawa muna da namu tushen. Ku nemi kiɗan gurmin marigayi Haruna Uji na Haɗeja, da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, ku saurara da kunnen makaɗi. Sautin gajere ne, ba ya ja, kuma yana barin wa magana wuri. Ana iya kusantar sa da jita: saiti mai tsabta, ba eko, a ɗora gefen tafin hannu a kan tsirkiyoyi kusa da gindinsu don sautin ya riƙa yankewa. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya suna canza ma'ana, kuma mai sauraronmu kalmomi yake bi. Jita da muryar mutum kusan wuri ɗaya suke zaune a ma'aunin sauti. Don haka in mawaƙi yana magana jita ta sassauta, in ya numfasa ta amsa masa, kamar yadda 'yan amshi suke yi. In akwai tsoho mai gurmi ko kukuma a unguwarku, ku je ku gaishe shi ku zauna. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kuɗi da karatu

Kada kowa ya taɓa kuɗin rajistar WAEC ko NECO ko JAMB saboda na'ura. Kada kuma a saya a ɓoye. A gaya wa iyaye, a nemi izininsu, a nuna musu sakamakon jarrabawa bai faɗi ba. In gida an ce a'a, a dakata. Farashin kayan nan da dala yake tafiya, saboda haka ƙungiya ta mallaki guda ɗaya ya fi kowa ya ci bashi. In ta hannu za a saya, a je da jita da iyafis, a gwada kowane maɓalli da kowane rami a gaban mai shago. Wanda bai iya canza yatsu a kan lokaci ba, na'ura ba za ta ɓoye masa ba. Ƙara fito da kuskuren take yi.

Akwai kuma wata riba da ba a cika lura da ita ba. Wanda ya fahimci abin da muka zayyana a sama ya riga ya kama rabin aikin mai haɗa sauti. Ana neman irin wannan a wajen biki da taro da gidajen rediyo da situdiyo, kuma 'yan mata ma suna iya koyon sa sarai. Sannan babin igiyar sauti da na maganaɗisu a Fiziks zai daina zama hadda.

Ga aikin gida. Kuna wasa a filin makaranta da rana tsaka, sauti yana tafiyar mita 350 a sakan. Bangon ɗakin gwaje-gwaje yana nesa da ku da mita 25. Bayan wane lokaci sautin jitarku zai dawo kunnenku? In mai ganga yana bugu huɗu a kowane sakan, dawowar za ta faɗa kan bugu ne ko tsakanin bugu biyu? Ku aiko da amsa ta hannun editan wannan shafi tare da sunan makarantarku. A mako mai zuwa za mu kawo amsar, sannan mu duba yadda ake ɗaukar waƙa da waya a cikin ɗaki ba tare da kukan awaki da ƙarar babur sun shiga ba. Mu kwana nan.